Kira da Lambar Inna

"Yau za mu gama da shi," in ji Mahfuz, yana goge bindiga da gefen riga.

Rana ta take. Su uku ne a wani kango a gefen hanyar Sahon Rami. Mahfuz ne oga. Zinariya ce mai murya, in ta so ta zama tsohuwa, in ta so ma'aikaciyar banki. Na ukun Zaidu ne, shi ya kawo harkar. Wanda za a tare kuwa yayansa ne uwa ɗaya uba ɗaya, Gidaɗo, dillalin shanu a Kontagora.

Dabarar tasu ba wata mai wuya ba ce, shi ne ma abin haushin. Wata manhaja ce a wayar Mahfuz, in ya buga sai lambar da ya ga dama ta fito a wayar mutum. Tun kafin damina suke gwada ta a kan Gidaɗo, don su ga wace lamba ce ba ya iya ƙin ɗagawa.

Bawan Allah ya ga ta kansa. Yana alwala a kira, yana tsakiyar ciniki a kira. Ya ɗaga, shiru. Yau lambar banki, gobe ta abokin cinikinsa na Salka, wata rana ma lambarsa ce da kanta take kiransa. Ya yi ta toshe lambobi har ya toshe masu sayen shanunsa. Ya sake layi, ba a jima ba suka biyo shi, don ƙanensa ya fara bai wa sabuwar lambar. Da abin ya ishe shi ya tafi wajen 'yan sanda.

"Malam, lambar da kake gani rigar aro ce," in ji Insfekta Sirajuddeen. "Ba a gano mai ita nan take. In an kira ka, kashe, ka kira mai lambar da kanka."

"Yallaɓai, Innata tana ruga, can ta hanyar Sahon Rami. Sai an hau suri ake samun sabis. In na kira ba ya shiga."

"To riƙe lambata."

Gidaɗo ya fito yana tsaki. Ya zo a kama masa mutum, an sallame shi da shawara.

A kangon, Zaidu ya matso kusa da oga. "Yau kasuwa ta ci, jakar kuɗin tana jikinsa. Ku karɓe ta ku ƙyale shi ya wuce. Haka muka yi da kai."

Mahfuz ya yi dariya. "Baba, ashe kai sabon shiga ne. Mutum nawa suka san lambar tsohuwa? In ya koma gida da ransa, kai zai fara tunawa. Su damƙe ka, ka tona mu." Ya ɗura harsashi. "Ba a barin shaida."

Zaidu ya ja da baya. Kuɗi ya zo nema, bai zo sayar da ran ɗan'uwansa ba.

Zinariya ta gyara murya, wayar na hannunta. A ruga ta tashi, Fillanci a bakinta kamar ruwa, kuma ta san al'ada. "Kai, shi ne ɗan fari? In shi ne, tsohuwa ba za ta kama sunansa ba."

Zaidu ya girgiza kai. "A'a, akwai yayarmu Ruka. Sunansa take kira gatsau."

Babu wata Ruka a duniya.

A kasuwa, wayar Gidaɗo ta yi ƙara. Inna. Ya ɗaga da sauri.

"Gidaɗo! Gidaɗo, maciji ya sare ni, ƙafar ta kumbura, ka zo yanzu..." Layin ya yanke.

Ya saɓa jaka, ya ruga wajen babur, ya taka kik — sai ya tsaya cak. Tun da ya yi wayo Inna ba ta taɓa furta sunansa ba. "Kai" take ce masa, in ba ya nan ta ce "wancan". Ko ranar da bijimi ya soke shi a cinya, jini na zuba, "kai" ɗin dai ta ce. Ya kira lambarta, ba ta shiga. Sai ya kira Insfekta.

La'asar sakaliya babur ya doso kangon. Riga ta Gidaɗo, malafa ta Gidaɗo, jaka a kafaɗa. Can baya wata akori-kura lulluɓe da tamfol tana tafe a hankali, kamar mai kai masara. Mahfuz ya ja kututture ya tare hanya, ya yi tsalle ya fito.

"Sauka! Kwanta ƙasa!"

Mutumin ya ɗago malafa — Insfekta ne!

Tamfol ya yaye. 'Yan sanda suka diro. Tau! Tau! Mahfuz ya mayar da wuta yana ja da baya, harsashi ya same shi a cinya, ya rarrafa ya faɗa kangon. Zinariya ta haura katanga, ta dira a hannun kofur. Zaidu ko motsi bai yi ba, yana jingine da bango.

Mahfuz ya dube shi yana haki. "Kai ne, ko?"

"Ɗan'uwana ne, oga."

Tau!

Kafin Mahfuz ya sake ɗana kunama, an taka masa hannu, an buga masa ankwa.

Da magariba aka kira Gidaɗo harabar ofishin 'yan sanda. Ya zo da zafinsa, yana so ya ga fuskar shegun da suka hana shi sakat. Insfekta ya ɗaga zanen da aka rufe wata gawa da shi. Gidaɗo ya duba, ya ga Zaidu ne, ya zauna a ƙasa.

"Shi ya ba mu lambobin," in ji Zinariya daga bayan mota, ankwa a hannu. "Shi ne kuma ya ce mini akwai yayarku, wai ba kai ne ɗan fari ba. Da bai faɗi haka ba, wallahi da kai ne a kwance nan."

Haushi da baƙin ciki suka taru a kan Gidaɗo. An kama biyu, ɗaya ya mutu, jakar kuma tana nan ko zif ba a buɗe ba.

Wayarsa ta yi ƙara. Inna.

Ya daɗe yana kallon sunan. Ya kashe, ya kira da kansa. Wannan karon ta shiga.

"Kai ne?" in ji muryar, iska na kaɗawa a bayanta.

"Ni ne, Inna."

"Tun safe nake hawa surin nan, gabana sai faɗuwa yake. Wayar ƙanenka ba ta shiga. Ina Zaidu?"