Geron Tazarce

Duk wanda ya san Furfuri ya san Uwaisu. Shi ne ya yi wa Gwamna yawon neman ƙuri'a a zaɓen farko, ƙauye ƙauye a kan wani tsohon babur, har muryarsa ta dishe. Da aka ci zaɓe sai aka manta da shi sarai, kujerar kwamishina kuma ta faɗa hannun Sahabi, maƙwabcinsa da suka tashi katanga ɗaya. Ran da Uwaisu ya je ofis yi masa murna, Sahabi ya leƙo ta taga ya ce wa masu gadi, "Ku fitar da wanga mutum, ban san shi ba." Suka ingiza ƙeyarsa a gaban jama'a, hularsa ta faɗa kwata, mutane na dariya.

Hular nan bai wanke ta ba. Shekara huɗu tana ƙarƙashin katifarsa, kullum sai ya ciro ta ya duba, zuciyarsa na tafasa. To, da Gwamna ya fito neman tazarce, sai Uwaisu ya sa ta a aljihu ya nufi Tsafe.

Bayan 'Yankuzo akwai wani dutse da ko makiyaya ba sa kai shanu gindinsa. Nan wata tsohuwar bokanya mai suna Tambaya take zaune. Da rana tsaka ya isa, amma yana sa kai cikin kogon sanyi ya kama shi har ƙashi. Bangon duk baƙin jini ne da ya bushe, ga ƙahonin awaki jere, ga wata tukunya a tsakiya an ɗaure mata baki da jan ƙyalle, tana motsi a hankali kamar ƙirjin mai barci.

"Mi kaka so?" in ji Tambaya, ba ta ko ɗago kai ba.

Ya ajiye hular a gabanta. "Dukiya nake so, Inna. Ina son Gwamna ya neme ni da kansa. Sahabi kuma ina son in ga bayansa."

Ta shinshina hular ta yi dariya, haƙora biyu ne kacal a bakinta. Ta kwance tukunyar ta auno gero mudu ɗaya, jajir da shi, da ɗumi kamar yanzu aka sauke shi daga wuta.

"Ka gauraya shi cikin hatsin da za ku raba na neman ƙuri'a. Duk wanda ya ci, yatsansa na mutuminka ne, arzikinsa kuma naka. Amma mai dutsen nan ba ya aikin banza. Cikin waɗanda suka ci zai riƙa ɗaukar nasa."

"Mutum nawa?"

"Ba ya ƙidaya. Ba ya kuma tambayar ɗan wane ne. Kada ƙwaya ɗaya ta shiga cikin na gidanka."

Wani mai imani da nan zai tashi ya kama gabansa. Uwaisu kuwa murmushi ya yi, don ya riga ya san unguwar da buhunan za su sauka. Ya ce ya yarda. Ta tsaga masa babban yatsa, ya dangwala a jikin tukunyar kamar mai jefa ƙuri'a.

Kwana uku ba su cika ba wayarsa ta yi ƙara. Gwamna ne da bakinsa, wai ƙaramar hukumarsu ta Bunguɗu na neman kuɓuce masa, ya zo ya karɓi ragamar rabon hatsi. Uwaisu ya shiga sito shi kaɗai, ya bi buhuna yana barbaɗa jan geron. Mota ta farko ya ce a kai ta Furfuri, a fara daga ƙofar gidan su Sahabi.

Gwamna ya zarce. Kai, zo ka ga arziki! Kwangila na bin kwangila, gidan bene a Gusau, motoci har ba wurin ajiyewa. Aka cire Sahabi daga kujera, ya dawo yana zaman jira a ƙofar Alhaji Uwaisu, shi kuwa ya wuce shi a mota bai ko sauke gilashi ba. A gidansa ya kafa doka: ba gero, ba kunu, ba fura, sai shinkafa. Matarsa Muzdalifa ta ɗauka sabon salon masu kuɗi ne.

Sai mutuwa ta sauka a Furfuri. Mutum na zaune lafiya lau, sai ya riƙe maƙogwaro, ya yi tari, jan gero ya zubo daga bakinsa, shi ke nan. Matar Sahabi ta fara tafiya, sai 'ya'yansa biyu, sai shi kansa ana tsakiyar zaman makokinsu. Uwaisu ya je ta'aziyya cikin babbar riga, ya shafa fatiha, a hanyar dawowa har waƙa yake yi a mota. Wallahi ko ɗigon tausayi bai ji ba.

Abin da ya manta shi ne kwano. Inna Husaina, mahaifiyar Sahabi, ita ta riƙe Muzdalifa tun tana marainiya, kuma rigimar maza ba ta taɓa shiga tsakaninsu ba. Kowace Juma'a Muzdalifa na aika mata kwanon shinkafa da nama. A Furfuri kuwa ba a mayar da kwano wayam, ko kuka ce ko daddawa sai an sa wani abu a ciki.

Wata Juma'a bayan an sauko daga masallaci, Uwaisu ya shigo da ƙishirwa, ya tarar da kwano a falo, an rufe shi da faifai. Muzdalifa na wanka. Ya buɗe, ƙamshin fura da nono mai kauri ya buge shi, irin damun da ya tashi da shi, wanda ya yi wata takwas bai ɗanɗana ba. Ya ce a ransa ai furar kasuwa ce, me za ta yi? Ya cika ludayi zai kai baki, sai ga ɗiyarsa Halimatu Sadiya, 'yar shekara shida, ita kaɗai Allah ya ba shi.

"Baba, ni ma zan sha."

Ya ɗora ta a cinya, ya ba ta da hannunsa, ludayi uku. Kafin ya sha nasa wayar Gwamna ta shigo, ya tashi ya fita da sauri. Ko ƙofar gida bai kai ba ya ji tarin. Ya dawo a guje ya tarar da yarinyar a ƙasa, jan gero na zuba daga bakinta kan farar rigarta. Muzdalifa ta fito ta gani, ta yi ƙara ɗaya, daga ranar hankalinta bai sake dawowa ba.

Bayan jana'iza ya ɗauki kwanon ya tafi Furfuri kamar zai tashi sama. Ya sami Inna Husaina zaune a tsakar gidan da babu kowa sai ita.

"Ke kika kashe mini ɗiya!"

Tsohuwar ta dube shi, idonta a bushe. "Na binne huɗu, Uwaisu. Na zuba wa kajina geronka, suka mutu a gabana, nan na gane. Na ɓoye mudun ƙarshe. Kai na dama wa, don na san kwaɗayinka da fura tun kana tsirara." Ta sunkuyar da kai. "Ban san za ka ba yarinya ba. Wannan ni da kai za mu amsa shi gaban Allah. Amma abin da ka aiko mana, shi na mayar maka."

Ya koma dutsen bayan 'Yankuzo yana kuka, yana roƙon a kwance. Tambaya ta nuna masa shaidar yatsansa a jikin tukunya, har yanzu jinin ɗanye.

"Ya ɗanɗana jinin gidanka, ya ji daɗi," in ji ta. "Kai zai bari ƙarshe, don ka gani."

Haka kuwa aka yi. Ƙanensa Bashiru ya bi, mahaifinsa ya bi. Gidan bene ya kama wuta da rana tsaka. Gwamna da ya ji ƙishin-ƙishin ya ce bai taɓa sanin wani Uwaisu ba, masu gadi suka ingiza ƙeyarsa a ƙofa kamar wancan karon.

Yau in ka bi ta tashar Gusau za ka gan shi, da wata ƙazamar hula a kai da kwano a hannu. Ba bara yake ba. Duk wanda ya ga zai kai abinci baki sai ya ruga ya kaɓe hannunsa yana ihu, "Kada ki sha, Sadiya!"

Ku masu bin 'yan siyasa, ku masu kwana da ƙullin wani a zuci, ku ji da kyau. Wulaƙancin rana ɗaya ne ya kai Uwaisu gindin dutse, kwaɗayi ya sa shi dangwala yatsa. Ya sami dukiya, ya ga bayan Sahabi kamar yadda ya roƙa, sannan ya ɗora ɗiyarsa a cinya ya shayar da ita ajalinta da hannunsa. Allah ya tsare mu da son zuciya.