Adireshin da Ba Mai Shi

"To wai adireshin intanet ɗin da ba mai shi, in ka shiga, wa yake amsawa?"

Wani direba ne ya tambayi mai gyaran waya, ina raɓe a gefe ina jiran caja. Mai gyaran ya ce da can sai waya ta ce babu shafin. Yanzu kamfanin layi ya tattara duk adireshin da aka yasar, ko ka rubuta wanne, shafin talla guda zai kai ka.

"Gidan marayu ke nan," in ji direban. Suka kwashe da dariya.

Ni ban yi ba. Yayata tela ce, tana da shafin da take sa hotunan ɗinkinta. Da ta rasu ba wanda ya sabunta shi. Tun da maigidana ya tafi aiki nesa, kullum da yamma nakan rubuta adireshinta. Waya ta ce babu. In ce "na sani," in tashi in ɗora girki. Gaisuwarmu ke nan.

Ranar na dawo gida ana shirin magariba. Na zauna bakin gado, na rubuta.

Ba ta ce babu ba. Ba talla kuma.

Wani ɗaki ne mai duhu-duhu ya fito a fuskar wayar. Keken ɗinki a tsakiya, matakinsa yana sama yana ƙasa, ba ƙafa a kai. Kaca-kaca-kaca. Warin man keke ya cika mini hanci, alhali ba keke a gidana.

Rubutu ya fito: "Ƙanwata."

Yaya ba ta taɓa kira na haka ba. Kurma take ce mini, don rashin maganata.

Wani rubutun ya biyo: "Duk abin da ba a nema, nan yake zuwa. Yaushe rabon da a neme ki?"

Na lalubi amsa, na rasa.

Kujera ta biyu ta bayyana kusa da keken.

Yatsuna suka yi sanyi. Ina hango zanen gado ta cikinsu.

 

Sai aka buga ƙofa.

"Amarya! Kina ciki kuwa? Ara mini ashana, gogan nawa ya ƙarar da tawa wajen sakace!"

Maƙwabciyata ce. Ƙarar keken ta ɗauke cak. Na duba wayar: tallar takalma.

Da na miƙa mata ashanar ta riƙe hannuna. "Kai, wannan sanyi fa? A firji kike kwana?"

Tun ranar ba na rufe ƙofa da yamma. Na sayi ashana da gishiri da yawa, don a riƙa zuwa aro. Abin da ya fi ci mini rai, ko "babu" ɗin Yaya an raba ni da shi.

Maigidana ya kira jiya, ya ce, "Lafiya dai ko?" In na faɗa masa, sai na faɗa masa tambayar da na kasa amsawa.

Na ce lafiya lau. A haka zan bar shi, ba wanda zai ji.