Faifan da Ya Lanƙwashe a Tasi

Hajiya Ɗaso ta faɗa ofishin 'yan sanda na unguwar Hindawiyya, a ƙasa mai tsarki, tana huci, 'yarta Mujahida na biye.

"Sata aka yi mana! Zali ne, mai gyara mana na'urar sanyaya ɗaki. Ku kama shi!"

Sufeto Talal, wanda kakanninsa ma alhazan Kano ne, ya nuna mata kujera. "Me aka sata, Hajiya?"

"Baƙin faifai na kiɗan Turawa, mai ƙara kamar ana rushe gini. Ni ban san amfaninsa ba, amma na 'yata ne."

Mujahida ta yi bayani. Ƙungiyoyin mawaƙa biyu ne suka haɗu suka buga shi, kowace da gefe ɗaya, kwafi ɗari biyu kacal. An aiko mata ne don ta rubuta sharhi a intanet.

"Wa ya ga Zali ya ɗauka?"

"Babban ɗana Mukhtaru," in ji Ɗaso. "Shi ba ya ƙarya. Kullum faɗa yake mata kan wannan kiɗan."

Aka kawo Zali, ɗan Maraɗi, iƙamarsa, wato takardar izinin zama, a hannu. In aka tabbatar masa da sata, korarsa za a yi daga ƙasar.

"Wallahi Inna, jakar aikina ce kawai na fita da ita."

"Rufe min baki!"

Sufeto ya gwada faɗin jakar da tafin hannu. Ko rabin faifai ba za ta ɗauka ba. Ɗaso ta gani, ta kau da kai.

Da la'asar Sufeto ya zo gidan Ɗaso, ya tarar da Mukhtaru ya dawo daga tuƙin tasi.

"Ka taɓa jin faifan?"

"A'uzubillahi! Ni?"

Sufeto bai ja ba. Ya karɓi wayar Mujahida, ya shiga karanta sharhin da ta fara, da ƙarfi: "Gefen farko ya ƙwace faifan. Na biyun hayaniya ce kawai, mai gangarsu kamar barci yake."

"Barci?" Mukhtaru ya zabura. "Wanda ya sauya bugu sau uku a tsakiyar waƙa? Ke ba ki da kunne!"

Ɗaso ta juyo ta zuba masa ido.

"Mu je mota," in ji Sufeto.

A ƙarƙashin kujerar direba suka sami faifan, ya lanƙwashe kamar ludayi. Mukhtaru ya durƙusa. Ya ce gidan abokinsa a unguwar Shisha ya kai don su saurara, ya manta shi a mota da azahar, rana ta gasa shi. Shekara goma yana jin kiɗan a ɓoye.

"Kunya ce ta hana ni faɗa, Inna."

"Kunya? Ka sa na tsaya gaban hukuma na kira bawan Allah ɓarawo, kana maganar kunya?"

Aka tasa shi zuwa ofis kan shaidar zur. Ɗaso ba ta kalle shi ba. Ta ja mayafinta, ta bi su a ƙasa har can.

Zali na zaune a benci. Matar da duk unguwa ke tsoron bakinta ta tsaya a gabansa, ta sunkuyar da kai.

Shi ne ya miƙe. "Inna, zauna. Kin sha rana."