Kaka Mai Tulun Zaitun

A can wani zamani, an yi wata budurwa, uwarta Bahaushiya, ubanta mutumin Girka. Ba abin da ta tsana kamar a ce mata 'yar Bature.

Ran nan sai ga kakarta daga Girka, rungume da tulun zaitun. Magana ɗaya tak ta koya da Hausa. Duk wanda ta gani, sai ta nuna yarinyar ta ce, "Jikata ce."

Da ƙawayen yarinyar suka zo, tsohuwa ta miƙa musu zaitun ta ce, "Jikata ce." Suka ɗanɗana, suka tofar, suka bushe da dariya.

Suka ce, "Ke, wace ce wannan?"

Yarinya ta sunkuyar da kai ta ce, "Baƙuwar Baba ce."

Tsohuwa ta ɗauka yabonta aka yi. Ta shafa kan yarinyar ta ce, "Jikata ce."

Kunya ta rufe yarinya, kamar ƙasa ta tsage ta shige. Ta ɗauki zaitun ɗaya ta tauna, ga ɗaci ga gishiri, ta haɗiye.

Ta ce, "Ƙarya na yi muku. Kakata ce."