Sa Hannun Auta

Auta na zaune a falo, laftof a cinya, tana fama da firojek ɗinta, sai ga Yaya Babba, wan mijinta, ya shigo, turarensa ya riga shi sallama. Mijinta Dogo na biye da shi.

"Amaryarmu 'yar mastas!" Yaya Babba ya washe baki. "An ce nazarin harkar kuɗi kike karantawa ko? To, karatu zai yi rana."

Ya dire mata fayil. Kamfaninsa na zuba jari ne, mai biyan ribar ashirin cikin ɗari kowane wata. So yake ta rubuta cewa ta bincika komai lafiya, ta sa hannu, a buga a takardar talla.

Kwana biyu tana bin alƙaluman. Babu kaya, babu ciniki. Kuɗin waɗanda suka shigo yau ake biyan na jiya da su. Da ta kai kan sunayen masu zubawa, ta ga masu shara da tsofaffi 'yan fansho, sai ta rufe fayil ɗin ta nufi wurin mijinta.

"Dogo, wannan ba kasuwanci ba ne, fashi ne da biro!"

Ya sunkuyar da kai. "Sa hannu ne fa kawai, Auta. Shi ya yi min makaranta..."

"Au, ka ma sani ke nan? Tir! Wallahi ban taɓa jin ƙyamar maganarka ba sai yau."

Washegari Umma, surukarta, ta iso ko zama ba ta yi ba.

"Ke! Don kin yi boko shi ne za ki kira ɗana ɓarawo? Wa ya saya muku kujerun nan?"

"Umma, ki yi haƙuri, ba zan iya ba."

"To, Dogo, ka zaɓa: ko 'yan'uwanka, ko wannan mai kan kwamfuta!"

Kafin yamma Yaya Babba ya turo mota an kwashe kujerun. Auta ta zauna a kan dandaryar tayil tana hawaye, ba don kujera ba, don mijinta bai tsaya mata ba.

Sati guda ba ta ko kallon fuskarsa. Ran nan ya dawo daga aiki ya tsuguna a gabanta.

"Nuna min yadda kika gano."

Ta juyo masa laftof ta bi da shi layi-layi. Da ta gama, gumi ya jiƙa masa riga, domin shi da bakinsa ya shigar da abokan aikinsa tara. Ɗaya bayan ɗaya ya bi su ya ce su janye, ya kuma gaya wa wansa ido da ido cewa ba ya ciki.

Dangi suka juya musu baya. Ba gaisuwa, ba waya. Har sunansu aka cire daga guruf ɗin gida. Wata biyar suna cin abinci a ƙasa, ita tana karatu, shi yana riƙe mata takardu tana gwada jawabi.

Makon da ta kare firojek ɗinta gaban malamai, ofishin Yaya Babba ya wayi gari da kwaɗo. Ya gudu. 'Yan sanda suka kwashi duk wanda sunansa ke kan takardun kamfanin, har wani ɗan ajinsu da ya karɓi aikin da ta ƙi.

Umma ta zo da kumburarrun idanu. Ashe sarƙoƙinta ta sayar ta zuba a kamfanin.

"Uwarsa ma bai bari ba... Auta, da kin bi maganata da yanzu kina tsare. Ki yafe min, 'yata."

Auta ta kama hannunta ta shigar da ita ciki. "Ya wuce, Umma. Nan ma gidanki ne."

Zumuncin da ba ya tsayawa sai an ci amanar bayin Allah ba zumunci ba ne, haɗin baki ne. Wanda ya daure wa fushin dangi a kan gaskiya, wata rana inuwarsa za su nema.