Injinan Yaya Melva

"Kowa ƙasa! Ƙasa na ce!"

Tobi yana jiyo muryar ogansu, Kambu, daga cikin shagon, duk da ruwan da ke dukan rufin motar. Shi aka bari a sitiyari. Inji na kunne, ƙafarsa na kan totur. Ya gyara hular da ta rufe masa fuska, ya sake duban titin Voco Point. Babu kowa. Ruwan garin Lae in ya sauko da rana tsaka, har masu sayar da buai, goron da mutanen ƙasar ke tauna, tattara kayansu suke yi su gudu.

Shagon na yayarsa ne, Melva. Injinan kwale-kwale take sayarwa, sana'ar da mijinta ya rasu ya bar mata. Tobi ne ya zaɓi ranar, don ya san tana taron zumuntar mata a coci. Shi ne kuma ya zare makullin ɗakin ajiya daga jakarta, aka yanko masa irinsa a kasuwa, ya mayar kafin ta farga.

Ƙofar baya ta buɗe. Sailas da wani ƙato da suke kira Buldoza suka fito rungume da inji sabo fil a kwalinsa. Suka cilla a bayan mota, suka koma. Suka sake fitowa. Suka sake komawa.

Ta ƙofar da aka bari a buɗe Tobi ya hango Papa Yawing, tsohon mai gadi, ya ɗago kai daga ƙasa. Bai yi komai ba, ɗago kai kawai ya yi. Kambu ya juya gindin bindiga ya sauke masa a fuska.

"A ware!"

Tobi ya taka mota. Ruwa ya fallatsa hagu da dama. Sai da suka wuce gadar Bumbu ya iya buɗe baki.

"Ka ce ba wanda za a taɓa."

Kambu ya cire hula, ya ɓare buai da haƙori. "An taɓa ka ne?"

"Tsohon nan shi ya goya ni ina yaro."

"To yanzu sai kai ka goya shi." Sailas da Buldoza suka bushe da dariya. Kambu ya tofar da jan yawu ta taga. "Kwantar da hankalinka, mutumina. Yayarka tana da inshora. Kamfani zai biya ta, mu mu ci namu. Wa aka cuta?"

Da wannan maganar ya janyo shi cikin harkar tun farko. Tobi ya ci gaba da tuƙi.

A gidan Melva yake zaune, a ɗakin baya, tun da aka sallame shi daga tuƙin bas. Don haka shi ya raka ta shago ranar da kamfanin inshora ya turo mai bincike daga babban birni, Moresby. Mista Vagi sunansa, siriri ne, mai magana a hankali. Bai karɓi kujerar da aka ba shi ba. Ya zagaya shagon, ya tsuguna gaban ƙofar ɗakin ajiya ya daɗe yana shafa kwadon.

"Madam, wannan ba a fasa shi ba."

"Da bindiga suka zo. Ka je asibiti ka ga mai gadina."

"Na je. Allah ya ba shi lafiya. Ya ce ba su tambaye shi makulli ba. Akawunki ma ta ce ba su tambaye ta ba. Wa ke riƙe da shi?"

"Ni."

"Ke kaɗai?"

"Ni kaɗai."

Mista Vagi ya miƙe yana kaɗe gwiwa. "Sun bar tsofaffin injina, sun kwashe sababbin da aka sauke ana gobe za a yi fashin. Sun wuce kai tsaye inda na'urar kyamara take a ɓoye, sun cire ta. Kuma ba da daɗewa ba kika ƙara girman inshorarki."

"Saboda na yo odar kaya masu yawa. Laifi ne?"

"Ban ce laifi ba ne. Tambaya nake yi." Ya juyo ya dubi Tobi, daga fuska har takalmi. "Wannan fa?"

"Ƙanena ne."

"Yana aiki a nan?"

"Ba ya aiki ko'ina," in ji Melva.

Mutumin ya gyaɗa kai, ya buɗe lemarsa ya fita.

Amsar kamfani ba ta daɗe ba. Ba za su biya ba. Sun ce alamu sun nuna da hannun na ciki, kuma sun miƙa maganar ga 'yan sanda a kan zargin damfara. Melva ta ɗaukaka ƙara, ta ɗauki lauya, ta yi ta hawa da sauka a ofishinsu har masu gadin ƙofa suka san takunta. Kullum magana ɗaya: a kawo shaidar cewa fashin na gaske ne.

Sajan Pokawin na 'yan sanda ya fara gayyatarta ofis. Ya tsare akawunta, Dorkas, aka sake ta, aka sake kama ta. A coci, matan da suke zama kusa da Melva suka koma wani benci. Masu kwale-kwale suka daina leƙo shagon. An ce ita ta shirya abin, har da sa a daki tsoho don ya yi kama da gaske.

Wata yamma suna cin shinkafa da kifin gwangwani a baranda, ta ajiye cokali.

"Dorkas ba za ta iya ba. Ko kuɗin bas ta tsinta sai ta kawo mini."

"Mutum ba a shaidarsa, Yaya."

"Papa Yawing kuwa ido ɗaya ya tafi. Wa zai sayar da idonsa?" Ta ja numfashi. "Makullin nan ba ya barin jakata. Jakar kuma wuri biyu take kwana, ko shago ko gidan nan."

Tobi ya ci gaba da tauna.

"Kai da kake yawo cikin unguwanni, ba ka ji komai ba?"

"Ina dai sauraro."

"Ka saurara da kyau," ta ce. Ba ta ɗauke ido daga kansa ba har ya tashi ya kai kwanonsa. Daga ranar ta fara shiga da jakarta har banɗaki.

An ɓoye injinan a ƙarƙashin wani gidan katako kusa da bakin kogin Busu, an lulluɓe da tamfol da ganyen kwakwa. Can Tobi ya sami Kambu da rana, yana goge bindigarsa. Buldoza na kwance a inuwa. Sailas na zaune a kan jarka yana danna waya.

"Oga, harka ta cuɗe. Kamfani ya ƙi biya. Ita za su ɗaure."

"To?"

"Mu jefar da ko guda biyu ne a bakin titi. 'Yan sanda su tsinta, su ga lambobin, su san ɓarayi ne na gaske."

Kambu ya ɗago. "Ku ji shi. Mu yi sata, mu mayar, mu haɗa da ban haƙuri." Ya hura bakin bindigar. "Sailas ya ce ya gan ka a ofishin 'yan sanda."

"Yayata na raka."

"Ya ce ka daɗe a ciki."

"Shi me ya kai shi can da har ya gan ni?"

Sailas ya ɗago kai da sauri. "Wucewa nake yi, ɗan iska. Titin na ubanka ne?"

Kambu ya dubi wannan, ya dubi wancan. Ya yi murmushi, haƙoransa jajaye.

"Ran Lahadi da safe, mutane na coci, za mu loda a kwale-kwale. Akwai mai saye a garin Finschhafen. Tobi, da kai za mu tafi."

"Ni direban mota ne. Ban san teku ba."

"Za ka sani."

Tobi ya dubi Buldoza. Ƙaton ya juya masa baya, ya ja hula ya rufe fuska. A nan Tobi ya gane cewa in ya hau jirgin nan, ba da shi za a dawo ba.

Bai koma gida ba. Ya bi ta kasuwa, ya ari wayar wata mai sayar da buai, ya koma bayan rumfa.

"Sajan Pokawin? Injinan Voco Point. Bakin Busu, Lahadi da safe."

"Wa ke magana?"

"Matar ba ta san komai ba. Ka rubuta wannan."

"Na ce wa ke magana?"

Tobi ya kashe.

A ofis, Sajan Pokawin ya daɗe yana duban wayar. Sannan ya ce wa kofur ɗinsa ya shirya motoci biyu, kada kuma ya gaya wa kowa inda za su sai sun hau hanya. Bai yarda da yaran nasa ba, kamar yadda bai yarda da mai kiran ba.

Lahadi ta waye da hadari. Teku ta yi baƙi. Tobi da Buldoza suna ta ɗaukar injina suna shiga ruwa har gwiwa, suna jerawa a cikin jirgin. Kambu na tsaye a kan yashi, bindiga a hannu, yana duban hanya.

"Ina Sailas?"

"Ya ce zai sayo mai," in ji Buldoza.

"Tun yaushe?"

Kambu ya kira wayar Sailas. A kashe. Ya juyo a hankali ya dubi Tobi.

"Kai, zo nan."

Tobi bai motsa ba.

"Na ce zo—"

"'Yan sanda ne! Kowa ya tsaya inda yake!"

Suka ɓullo daga cikin ciyawa ta ko'ina. Buldoza ya saki injin da ke hannunsa, ya ɗaga hannu sama. Kambu ya yi tsalle ya faɗa jirgi, ya ja igiya. Inji ya yi tari. Ya sake ja, ya tashi. Tobi ya juya zai yi tudu, sai ya ji kamar an dake shi da guduma a cinya. Ya kife a ruwa. Kambu ne ya harbe shi, kafin ya juya bakin bindigar ga 'yan sanda.

Harbi ya ɓarke. Jirgin ya yi gaba, nauyi ya danne shi, ya nufi inda kogi ke karo da teku. Igiyar ruwa ta farko ta ɗaga shi. Ta biyu ta same shi a karkace, ba kowa a kan sitiyarin inji, don Kambu ya riga ya zube a kan kwalaye. Jirgin ya kife da shi da kayan duka.

Tobi ya farka a asibiti, hannunsa ɗaya ɗaure da ankwa a jikin gado. Sajan Pokawin na zaune a gefe.

"Ni na kira ka," in ji Tobi. "Ni ne na wayar."

"Na sani. Amma an riga ka. Sailas ya zo mini tun kafin kiranka, ya ba ni sunan kowa, ya ce kai ka kawo makulli. Wurin da ranar kawai ya ɓoye, yana ciniki da su." Sajan ya miƙe. "Ka rage mini wahala, ban ce a'a ba. Zan gaya wa alƙali."

"Yayata fa?"

"An wanke ta. Dorkas ma ta koma gida."

An tsinci gawar Kambu a gaɓar teku. Buldoza na tsare. Sailas ya zama mai ba da shaida, ya bar Lae ba wanda ya san inda ya nufa. Injinan da masu nutso suka ciro, gishiri ya riga ya cinye su. Ragowar da ba a kai ga lodawa ba suna ajiye a harabar 'yan sanda a matsayin shaida, ruwa na dukansu. Papa Yawing ya koma ƙauyensu da ido ɗaya. Likita ya ce ƙafar Tobi ba za ta ƙara taka totur ba.

Melva ta zo sau ɗaya. Ta tsaya a ƙarshen gadon, ba ta zauna ba. Ta rame.

"Yaya, yanzu ai sun ga gaskiya. Za su biya ki."

"Ba za su biya ba."

"Amma Sajan ya ce..."

"Mista Vagi ya kira ni da kansa, har da ban haƙuri. Ya ce sun yarda ba ni da hannu. Sai dai inshorar ba ta ɗaukar satar da ɗan gida ya yi. Wanda yake kwana a gidanka, yake ci a tukunyarka, wannan ba ɓarawon da suke biya ba ne."

Melva ta ci gaba.

"Lauya ya ce saura hanya ɗaya, ita ma ba tabbas. In rantse a gaban kotu cewa kai ba ɗan gidana ba ne. Baƙo ne da na taimaka wa da ɗaki, ba abin da ya haɗa mu."

"Ƙarya ce ai, Yaya. Kowa ya san uwarmu ɗaya. Mista Vagi ma da bakinki kika gaya masa."

"Haka na ce wa lauyan. Ya ce to kada in yi, zan ƙara jefa kaina cikin wata shari'ar." Ta gyara rataye jakarta. "Ba zan rantse a kotu ba. Shagon zan rufe, in sayar da gidan, in koma wurin dangin mijina a garin Wau."

"In na fito, ina zan same ki?"

Ta dube shi, ta dubi ankwar da ke hannunsa.

"Maganar da lauya ya so in faɗa, na ƙi faɗa wa alƙali don ƙarya ce a wancan lokacin. Daga yau ba ƙarya ba ce."

Ta juya. Ɗan sandan da ke gadin ƙofa ya janye ƙafarsa ya ba ta hanya.