Gidan da Kowa Ke da Tabo

A wani gari can, an yi wani yaro ɗan sikawut mai son lambar yabo, amma ba ya son wahala. Wata rana malaminsu ya koya musu ɗaukar zanen yatsa: a shafa baƙin tukunya a babban yatsa, a dangwala a takarda. Ya ce, "Kowa ya kawo na mutanen gidansu. Wanda ya yi daidai zai sami lamba."

Yaro ya koma gida. Baba yana gona, gona kuwa da nisa. Inna tana rijiya, rijiya kuwa da nisa. Sai ya zauna a inuwa, ya dangwala nasa yatsan ya ce na Baba, ya dangwala ya ce na Inna, ya dangwala ya ce na jaririyarsu.

Washegari malam ya dubi takarda, ya dubi yaro. Ya ce, "Wannan tabon da ke kan kowane yatsa fa?"

"Wuƙa ce, Malam, wajen fere rake."

"Allah sarki! Har jaririyar ma ta fara fere rake?"

Yara suka fashe da dariya. Kowa ya tafi gida da lamba a ƙirji, shi kuwa da babban yatsa a aljihu.